Umbria: Jirgin Bama-bamai da Ke Kwance a Ƙofar Bur Sudan

Duk wanda ya shiga kwalekwale mai inji a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, garin da Turawa ke kira Port Sudan, ya miƙa cikin Bahar Maliya, kafin ya yi tafiyar awa guda zai iso inda ruwa ke sauya launi, daga shuɗi mai duhu zuwa kore shar. Alamar duwatsun murjani ke nan a ƙasa. A gefen duwatsun zai ga wasu 'yan ƙarafa masu tsatsa sun leƙo sama, igiyar ruwa tana ta marinsu. Ƙarafan rataya kwalekwalen ceto ne na wani jirgin Italiya mai suna Umbria, wanda ke kwance a kan haƙarƙarinsa na hagu tun ranar 10 ga Yuni, 1940. A cikinsa akwai bama-bamai kimanin 360,000, kuma har yau ba wanda ya kwashe su.

Masu sha'awar nutso a duniya suna lissafa shi cikin jiragen da suka fi burge ido a ƙarƙashin teku, kafin yaƙin Sudan na 2023 har sukan kashe kuɗi mai yawa su zo daga Turai don su gan shi. Mu kuwa da kakanninmu suka bi ta wannan gaɓa zuwa Makka, da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba.

Yadda garin ya samu

Kafin Bur Sudan, Sawakin ce ƙofar Sudan ta teku. Tsohon gari ne a kan ɗan tsibiri, da dutsen murjani aka gina gidajensa, kuma ta nan alhazan ƙasar Hausa da Borno da suka tako da ƙafa suke shiga jirgi su haye Jidda. Wasu sukan yi shekaru a hanya, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su tara guzuri. Wasu kuma suka zauna ke nan, ba gaba ba baya, su ne tushen yawancin Hausawan da ke Kasala da Gadarif da bakin Shuɗin Nilu da Bur Sudan kanta a yau.

Aibin Sawakin shi ne hanyar shigarta matsattsiya ce, murjani kuma ya kewaye ta, manyan jirage masu aiki da gawayin kwal ba sa shiga cikin kwanciyar hankali. Sai Turawan Ingila, waɗanda a takarda suke mulkin Sudan tare da Masar amma a zahiri su ne wuƙa da nama, suka zaɓi wani lungun teku mai zurfi kimanin kilomita 60 arewa da Sawakin, inda ba a san komai ba sai kabarin wani waliyyi da ake kira Shaikh Bargut. A 1905 aka kama aiki, aka jawo layin dogo daga Atbara, a 1909 aka buɗe tashar. Daga nan kasuwar Sawakin ta mutu, gidajenta suka shiga zubewa ɗaya bayan ɗaya. Duwatsun murjanin da Umbria ke kwance a gefensu ma sunan Reginald Wingate aka laƙaba musu, Baturen da ya yi gwamnan Sudan daga 1899 zuwa 1916.

Zuwa 1940, wannan sabuwar tasha ta tsinci kanta a bakin kura. Italiya tana riƙe da Eritiriya da yankin Somaliya tun da daɗewa, a watan Oktoba na 1935 kuma ta auka wa Habasha, ta yi amfani har da iska mai guba, ta cinye Adis Ababa a watan Mayun 1936. Babban sansaninta na sojan ruwa yana Masawwa, kimanin kilomita 500 kudu da Bur Sudan. Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Ingila ce ke riƙe da bakin Bahar Maliya ta sama, wato mashigin Suwez, ita ce kuma ke zaune a Adan ta ƙasa. Ranar da duk yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, sojan Italiya da ke gabashin Afirka sun zama kamar wanda aka kulle a ɗaki: abin da ke hannunsu shi ke nan, ko harsashi ɗaya ba zai ƙara zuwa ta ruwa ba. Shi ya sa a watannin ƙarshe kafin yaƙin aka yi ta gaggawar tura musu kaya. Umbria na cikin jiragen ƙarshe da aka tura.

Jirgin da tafiyarsa ta ƙarshe

Ba don yaƙi aka ƙera shi ba. A birnin Hambog na Jamus aka yi shi, aka tura shi ruwa a ƙarshen 1911 da sunan Bahia Blanca, tsawonsa kimanin mita 150. Aikinsa jigilar kaya da talakawan Turai masu zuwa ci-rani Kudancin Amurka, yana iya ɗaukar mutum dubu biyu a tafiya guda. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rutsa da shi a can, Ajantina ta saye shi a 1918. A 1935 Italiya ta saye shi, ta sauya masa suna, ta sa shi jigilar sojojin da za su ci Habasha. Ke nan tun kafin ya nutse, wannan jirgi ya riga ya san hanyar kawo wa Afirka masifa.

A watan Mayun 1940 aka yi masa lodi a tashoshin Jenowa da Liborno da Nafoli. Bama-baman da ake jefawa daga jirgin sama su suka fi yawa, nauyinsu ya kai tan dubu shida, sai akwatunan kawunan da ke tayar da su, da buhunan siminti, da wayoyin lantarki, da tayoyi, da kwalaben giya, da ƙananan motoci uku ƙirar Fiat. Masawwa da Assab aka nufa da kayan yaƙin. Kyaftin ɗin jirgin, Lorenzo Muiesan, tsohon hannu ne a teku.

Ranar 3 ga Yuni ya iso Bur Sa'id, bakin mashigin Suwez. Turawan Ingila sun san abin da ke cikinsa sarai, sun kuma san Musolini, shugaban Italiya, na dab da shiga yaƙi a gefen Hitila, don a lokacin Faransa na kan faɗuwa. Amma doka ta ɗaure musu hannu. Italiya ba ta riga ta shiga yaƙin ba, yarjejeniyar 1888 kuma ta ce mashigin a buɗe yake ga jirgin kowace ƙasa. Kama jirgin a wannan rana daidai yake da ba wa Musolini hujjar da yake nema. Sai suka koma ga dabarar jan rai: a sa masa sojoji a ciki, a duba wannan takarda, a sake duba waccan, a tsayar da shi ya jira wani jirgi ya wuce. Burinsu kawai lokaci ya tafi, sanarwar yaƙi ta same shi a hannunsu.

Da ya fita Bahar Maliya sai wani ƙaramin jirgin yaƙin Ingila mai suna Grimsby ya bi bayansa. Ranar 9 ga wata aka tilasta masa ya saki anga a gefen duwatsun Wingate, wai za a bincika ko yana ɗauke da haramtattun kaya. Wani babban jirgin yaƙi, Leander, ya iso, aka tura sojoji ashirin da 'yan kai suka hau Umbria suka kwana a ciki.

Abin da ya faru washegari shi ya sa ake ba da labarin jirgin har yau. Muiesan yana ɗakinsa ya kunna rediyo, sai ya ji cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi, kuma da tsakar dare za a fara. Sojojin Ingila da ke tsaye a kan jirginsa ba su riga sun ji ba. Ya san da zarar labari ya iso musu, jirgi da kaya sun zama ganima, bama-baman da aka ɗauko don jefa wa Ingilishi kuma za su koma kan 'yan uwansa. Gudu ba zai yiwu ba, tsohon jirgin kaya ne tsakanin jiragen yaƙi biyu. Sai ya zaɓi a fasa kowa ya rasa. Ya sa aka ƙone takardun sirri, ya tura amintattun mutanensa ɗakin inji suka fasa hanyar da ruwan teku ke shigowa. Shi kuwa ya je wurin hafsan Ingila ya nemi izinin yin atisayen ceto, irin wanda ma'aikatan jirgi suka saba yi lokaci-lokaci. Hafsan ya yarda. Ana cikin sauke kwalekwale aka zo aka gaya masa ruwa ya cika ƙasan jirgi. Kafin a yi wani abu jirgin ya fara karkacewa, dole kowa ya fita, masu tsaro da waɗanda ake tsarewa. Ba a rasa rai ba. Kyaftin da mutanensa aka kwashe su zuwa sansanin fursunonin yaƙi a Indiya, can suka ƙare sauran shekarun yaƙin.

A littattafan masu nutso, Muiesan jarumi ne mai wayo, kuma ba a musun wayonsa. Amma in mutum ya tsaya a gaɓar Afirka ya dubi lamarin, abin da zai fara tambaya shi ne: a kan wa za a jefa bama-baman nan? Da sun isa Masawwa, da Bur Sudan da Kasala da Atbara da ƙauyukan Habasha masu tawaye sun ɗanɗana su. Da Ingila ta ƙwace su, da Asmara da Masawwa ne za su sha. Ta kowace fuska, ƙasar Afirka ce za ta karɓe su. Nutsewarsu ita ce alheri mafi girma da aka samu a cikin lamarin, ko da yake ba don tausayin kowa aka yi ba.

Sauran abin da tekun ya haɗiye

Kwana biyar bayan nutsewar Umbria, wani jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku na Italiya mai suna Macallé, wanda aka turo daga Masawwa ya yi kwanton ɓauna a bakin Bur Sudan, ya yi karo da duwatsun wani tsibiri da ake kira Barr Musa Kabir. Ba abokin gaba ne ya harbe shi ba. Iskar da ke cikin na'urar sanyaya jirgin ce ta riƙa tsiyaya, mai guba ce, ta gusar wa ma'aikatan da hankali har suka kasa sarrafa shi. Suka fita suka hau tsibirin, wuri ne da ba ruwan sha ba inuwa, ga zafin Bahar Maliya na watan Yuni. Jirgin ya zame ya gangara cikin zurfi. Mutum uku suka shiga ɗan kwalekwale suka yi ta tuƙi har gaɓar Eritiriya neman taimako, aka turo wani jirgi ya kwashe sauran. Mutum ɗaya, Carlo Acefalo, ya mutu kafin a zo, aka binne shi cikin yashi. Sai a 2017 aka tono ƙasusuwansa, daga baya aka mayar da su ƙauyensu a arewacin Italiya.

Daga nan Bur Sudan ta zama ƙofar yaƙi sosai. Italiya ta ci Kasala a watan Yulin 1940, jiragenta na sama suna zuwa su yi wa tashar ruwan wuta. Ta wannan tasha rundunonin Indiya suka sauka, aka ɗora su a jirgin ƙasa zuwa iyaka, suka haɗu da sojan Sudan suka ƙwato Kasala a watan Janairun 1941, sannan suka kutsa Eritiriya, inda aka yi kusan wata biyu ana gwabzawa a tsaunukan Keren kafin garin ya faɗi a ƙarshen Maris.

Da sojan ruwan Italiya suka ga Masawwa ba za ta kai labari ba, sai suka yanke shawarar fita da sauran jiragen yaƙinsu su kai harin ko a mutu ko a yi rai. Shida ne. Ɗaya ya bugi dutse tun bai yi nisa ba. Biyar suka nufi Bur Sudan, ɗaya ya samu matsalar inji ya karkata gaɓar Larabawa aka nutsar da shi. Da asubahin 3 ga Afrilu, saura kaɗan su iso, jiragen saman Ingila da suka tashi daga Bur Sudan suka far musu. Tsofaffin jirage ne masu fukafukai hawa biyu, na wani jirgin dakon jirage mai suna Eagle, amma sun isa. Suka nutsar da Nazario Sauro da Daniele Manin. Ragowar biyun, Pantera da Tigre, suka tsere gaɓar Saudiyya kudu da Jidda, masu su suka nutsar da su da hannunsu.

A cikin jirgin Manin akwai wani Ba'eritire mai suna Ibrahim Farag Muhammad, cikin baƙaƙen fatar da ke yi wa Italiya aikin soja. Ya bar wa wani mai rauni gurbinsa a kwalekwalen ceto, shi ya zauna cikin ruwa yana riƙe da gefe har ƙarfinsa ya ƙare. Italiya ta ba shi lambar jarumta ta zinariya bayan mutuwarsa. Na kawo shi ne don a tuna cewa yaƙin nan da ake kira na Turawa, 'yan Afirka ne a kowane ɓangare. A daidai waɗannan makonni, rundunar Najeriya ta 23, wadda Hausa ce harshen barikinta, ta taso daga Kenya ta shiga Mogadishu a ƙarshen Fabrairu, ta yi tafiyar sama da kilomita 1,500 cikin kusan wata guda har Harar. Adis Ababa ta faɗi ranar 6 ga Afrilu, Masawwa ranar 8. Tsofaffinmu sun fi ba da labarin yaƙin Boma, amma da yawansu a Habasha suka fara jin ƙarar igwa. Ba a sani ba ko wasu daga cikin bama-baman Umbria da a kansu za su sauka.

Kafin su miƙa wuya, Italiyawa sun nutsar da jirage da dama a bakin tashar Masawwa don su toshe ta, sai a 1942 wani injiniyan sojan ruwan Amurka, Edward Ellsberg, ya zo ya tayar da wasu. Umbria kuwa ba wanda ya taɓa.

Abin da mai nutso ke gani

Dalilin da ya sa jirgin ya yi suna shi ne bai yi zurfi ba, kuma bai farfashe ba. Yawancin jiragen yaƙi da ke ƙarƙashin teku bam ne ko nakiya ta tsaga su, sai ka ga tarin ƙarafa kawai. Wannan kuwa a hankali ya cika da ruwa ya kwanta, don haka yana nan da siffarsa. Gefensa na sama bai fi mita biyar daga saman ruwa ba, wanda ya sa gilashin ido kawai ma zai iya hango shi. Mafi zurfinsa wajen goshi ne, kusan mita 38. Ɗaya daga cikin farfelolinsa biyu tana waje a fili, kowane reshe nata ya fi mutum tsawo, ɗayar kuma ta nutse cikin taɓo.

Wanda ya kalli hotunan cikinsa, abin da zai fara kama masa ido shi ne tsari. Bama-baman suna jere sahu-sahu, wani kan wani, kamar yadda ake jera doya a rumbu, ƙurar teku ta lulluɓe su. Da jirgin ya karkace wasu sun zube, amma da yawa suna nan yadda 'yan dakon Italiya suka ajiye su. A wani rumbun kuma buhunan siminti ne. Ruwa ya shiga, simintin ya daskare, buhun ya ruɓe ya tafi, aka bar duwatsu masu siffar buhu, har da lanƙwasar inda wani ya danne wani. Can cikin duhu motocin nan uku suna tsaye gefe da gefe, da sitiyari da fitilu, ƙananan kifaye suna shiga ta wannan taga su fita ta waccan. Kwalabe sun warwatsu ko'ina. A madafa akwai tandun gasa burodi. A waje kuwa murjani da soso sun rufe ƙarfen gaba ɗaya, jirgin ya zama gidan kifi.

Shiga irin wannan wuri ba wasan yara ba ne. Duk mita goma da mutum ya sauka, nauyin da ke danne jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da muke ciki a doron ƙasa, wato a mita talatin ya ninka huɗu. Iskar da ke tukunyar da ya goya tana saurin ƙarewa, wani sinadarin iskar kuma yana narkewa cikin jininsa. In ya taso da gaggawa sai sinadarin ya yi kumfa, kamar yadda lemon kwalba ke yi in an buɗe shi da sauri, abin da kan jawo shanyewar jiki ko mutuwa. Dole a taso sannu a hankali, ana tsayawa. A cikin jirgi kuma bugun ƙafa ɗaya na ganganci ya isa ya tayar da ƙurar shekara tamanin, fitila ta zama banza, mutum ya rasa ƙofar da ya shigo. Ƙari a kan haka, jirgin a karkace yake, bango ya zama ƙasa, ƙasa ta zama bango.

Wani Ba'ostiriye mai suna Hans Hass ne ya fara fito da jirgin idon duniya, lokacin da ya zo Bur Sudan a 1949 ya ɗauki hotunansa. A 1963 kuma Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa 'yan ɗakunan ƙarfe a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, arewa da garin, inda mutanensa suka zauna wata guda a zurfin mita goma don a gwada ko ɗan Adam zai iya rayuwa a can. Fim ɗin da ya yi a kan gwajin ya ci kyautar Oscar, garejin ƙaramin jirginsa na nutso kuma yana nan har yau. Gaba kaɗan akwai wani jirgin kaya, Blue Belt, da ya bugi dutse a 1977 ɗauke da motocin Toyota, amma wannan haɗari ne kawai, ba ruwansa da yaƙi.

Za su iya tashi?

Wannan ce tambayar da kowa ke yi, kuma amsarta ba ta da daɗin ji ta kowane ɓangare.

Abin da ke kwantar da hankali shi ne bam ɗin jirgin sama ba ya tashi haka kawai. Garin da ke cikinsa yana da haƙuri, sai an ɗaura masa kai, kan ya fashe, sannan ya tayar da shi. A lokacin jigila dabam ake ajiye kawunan, haka kuma aka yi a Umbria. Ruwa ma yana hana zafi taruwa. Shekara sama da tamanin ke nan ba abin da ya faru, alhali dubban masu nutso sun shiga sun fita.

Abin da ke tayar da hankali kuma shi ne ruwa ba ya kashe garin bam. Ƙarfen ne ke ruɓewa, abin da ke ciki yana nan da ƙarfinsa, kawunan kuma wasunsu ƙara saurin fushi suke yi in sun tsufa. Wata rana benayen jirgin za su rufta, nauyi ya faɗa kan nauyi. Ko ba a samu fashewa ba, in ƙwanson ya huje gubar za ta riƙa tsiyaya cikin ruwan da masunta ke kamun kifi, kusa da Sanganeb, wurin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016 saboda murjaninsa. Don a gane yawan kayan, a tuna da tashar Beirut a 2020: tan 2,750 na sinadarin takin zamani ne ya tashi, ya kashe mutum sama da ɗari biyu. A tashar Bombay a 1944, jirgi guda mai ɗauke da kimanin tan 1,400 na abin fashewa ya hallaka ɗaruruwan mutane. Umbria yana nesa da gari da 'yan kilomitoci, yana kuma cikin ruwa, don haka lissafin ba ɗaya ba ne, amma kayansa sun fi na waɗannan biyun in an haɗa.

To me ya hana a kwashe? Kuɗi, da kuma tsoron kada garin gyaran gira a rasa ido. A 1967 an yi ƙoƙarin kawar da wani jirgin makamai mai suna Kielce da ya nutse kusa da gaɓar Ingila, sai ya tashi, har na'urorin auna girgizar ƙasa suka ji. Tun daga nan masana da yawa suka fi son a bar kaza cikin gashinta.

Sai dai bari iri biyu ne. A bakin kogin da ya ratsa Landan akwai wani jirgin Amurka, Richard Montgomery, da ya nutse a 1944 da kimanin tan 1,400 na abin fashewa. Shi ma ba a kwashe ba. Amma an shata masa iyaka da alamu, an hana kowa kusantarsa, ana sa masa ido dare da rana, gwamnatin Ingila kuma tana tura masana su auna lafiyar ƙarfensa a kai a kai, su buga rahoto kowa ya gani. Wanda ke ƙofar Bur Sudan ya ninka shi kaya, amma kafin yaƙin 2023 ya zama wurin yawon buɗe ido, ana shiga ana ɗaukar hoto a gefen bam. Waɗanda suka yi lodin sun koma Italiya, waɗanda suka tsayar da jirgin a wannan wuri sun sauke tutarsu a 1956 sun tafi, aka bar wa Sudan ajiyar da ba ta nema ba.

Ita kuwa Sudan abin da ke gabanta ya fi wannan zafi. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, gwamnati ta tattara ta koma Bur Sudan da zama, ta nan aka kwashe baƙi da yawa, har da ɗaliban Najeriya, ta nan kuma abinci da magani ke shiga ƙasar. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙi suka yi kwanaki suna kai wa garin hari, rumbunan mai suka kama da wuta. Harkar nutso ta tsaya cik. Ƙasar da ke fama da yunwa da gudun hijira ba za a ce ta ɗauki kuɗi ta je auna tsatsar jirgin 1940 ba.

A ganina, wannan nauyi na Italiya da Ingila ne. Ba a ce lallai su tono kayan ba, amma su biya kuɗin binciken da zai nuna halin da ƙarfen da bama-baman ke ciki, a buga sakamakon da Larabci yadda masunta da ma'aikatan tashar za su karanta, kuma a riƙa maimaitawa. Ƙasar da ta iya komawa tsibirin Barr Musa Kabir bayan shekara 77 don ƙasusuwan mutum ɗaya ba za ta ce ta manta hanyar duwatsun Wingate ba.